Maiƙon Gaiwar Baturiya

Sakinatu Bakari ta sauka a Haɗeja cikin watan Fabrairu na 1974, ɗauke da akwatin ƙarfe cike da kwalabe, da takardar jami'a wadda ta ba ta wata biyu ta tattaro abin da za ta yi binciken digirinta na uku a kai. Shekarunta ashirin da bakwai. Mahaifinta, Malam Bakari, tsohon malamin asibiti ne da ya yi shekara talatin yana wanke miki yana raba maganin zazzaɓi, kuma shi ya tsaya mata har ta gama makarantar 'yan mata ta wuce jami'a. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka ba ya kiran sunanta, sai dai ya ce Uwata.

Da ya tambaye ta abin da ya kawo ta gida da kwalabe haka, sai ta zauna a gefen tabarmarsa ta yi masa bayani. Ta ce jikin mutum da na dabba an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, kowace a lulluɓe da wani tantani mai kama da na cikin ƙwai. Tantanin nan maiƙo ne, amma akwai furotin iri-iri a kakkafe a jikinsa. Ɗaya daga cikinsu aikin famfo yake yi, kullum yana fitar da gishiri daga cikin ƙwayar, kuma yana cinye kaso mai yawa na abincin da jiki ya samu. Malamai da dama suna ɗaukar maiƙon a matsayin bango kawai, furotin ne mai aiki. Ita kuwa tana zargin maiƙon ne ke sa famfon ya yi sauri ko ya sassauta.

Malam Bakari ya tambaya ina ruwan wannan da Haɗeja, ta ce gaiwa ce ta kawo ta. Kowa a ƙasar ya san gaiwa, wadda idan fadama ta ƙafe take nutsewa cikin laka, ta naɗe kanta da yauƙi, ta kwanta wata shida ko bakwai ba ci ba sha har ruwa ya dawo. Da famfunan jikinta za su ci gaba da gudu irin na lokacin ruwa, da ta cinye kanta ta mutu kafin damina. Dole akwai abin da ke rage musu gudu.

A ƙauyen Baturiya da ke bakin fadama ta sauka gidan 'Yar'azumi, wata mai bandar kifi da Malam Bakari ya taɓa yi wa jinyar ƙuna a hannu. Mijinta, Zarami, shi ne gwanin haƙar gaiwa a yankin. A wannan shekarar, fari ya yi tsanani, ambaliya ba ta kai rabin inda ta saba kaiwa ba, fadama ta tsattsage da wuri. Zarami yakan bi ƙasar a hankali da dagi a hannu yana neman 'yar ƙofar da gaiwa ke bari don shan iska. Gaiwar ruwa kuwa sai da aka je wani tafki mai nisa da bai ƙafe ba aka kamo ta.

Wata rana da la'asar 'Yar'azumi tana juya kifi a kan wuta, Sakinatu na gefenta tana wanke kwalabe, sai matar ta ce, "Malama, bambancin da kike nema ai a kan wutar nan yake. Man gaiwar ruwa zuba yake kamar man gyaɗa. Na gaiwar laka kuwa da ya ɗiga ya huce sai ya daskare kamar man kaɗe."

Sakinatu ta san man da ke ɗiga a wuta daban yake da maiƙon tantani. Duk da haka washegari ta ajiye kasko biyu a ƙarƙashin bandar, ta ga maganar gaskiya ce, ta rubuta ta a littafinta da sunan wadda ta faɗa.

Ta koma jami'a da ƙodar gaiwa a cikin fulas, a kan ƙanƙarar da ta daskarar a firjin kananzir na asibitin garin. Gwajin ba shi da rikitarwa, amma yana son haƙuri. Takan ciro tantanin daga ƙodar, ta ba famfon abincinsa a cikin kwalbar gwaji, sannan ta ɗiga wani sinadari. Idan famfon ya yi aiki sosai ruwan ya yi shuɗi mai duhu, idan ya yi kaɗan shuɗin ya yi haske. Na gaiwar ruwa ya fito da duhu, na gaiwar laka da haske. Sai ta wanke maiƙon daga famfon gaiwar ruwa da wani irin sabulu, famfon ya tsaya cik. Ta mayar masa da maiƙonsa, ya tashi da gudu. Ta ba shi na gaiwar laka, ya tashi da kasala. Ranar ta daɗe tana kallon kwalaben kafin ta iya riƙe biro.

Shugaban sashensu a jami'a kuma mai kula da aikinta wani Bature ne da ya yi shekara goma sha biyu a ƙasar, ɗalibai na kiransa Mai Lofe saboda lofensa na shan taba ba ya barin bakinsa. Ba mugu ba ne, amma ya ga firji ya mutu da aikin mutane a ciki fiye da yadda zai iya tunawa, har ya daina yarda da duk abin da ya yi tafiyar kwana biyu cikin zafi. Ya karanta sakamakonta a tsaye, ya ce abin da take aunawa ruɓewa ce. Ya ce wannan tambaya manyan ɗakunan gwaji na ƙasashen waje ke kokawa da ita da injunan da ba a taɓa gani a nan ba, kuma ya fi mata ta koma auna ingancin man gyaɗa, aikin da za ta gama cikin shekara guda.

"Yallaɓai, idan ruɓewa ce, me ya sa ta zaɓi gaiwar laka ta ƙyale ta ruwa?"

"Rana ɗaya kika yanka su?" ya tambaya.

Ba rana ɗaya ba ce. Tsakaninsu kwana shida ne, kuma na laka su suka fi daɗewa a fulas. Ta san a wannan ya fi ta gaskiya. Kafin mako ya ƙare ya rubuta cewa za a rufe aikin gaiwa a ƙarshen zangon karatu, ya kuma hana ta Landirobar sashe.

Ta kwana biyu tana jin haushinsa, a na uku haushin ya koma kanta. Matsalar ita ce nama na lalacewa a hanya. To, me ya hana kifin ya zo da ransa? Gaiwa ba ta bukatar ruwa a watan Afrilu, lakarta kawai take bukata. Ba ta nemi izinin kowa ba, ta kulle ɗakinta ta shiga mota zuwa Haɗeja.

Malam Bakari bai ji daɗi ba. Ya ce ya yi aiki a ƙarƙashin Turawa, ya san za su iya yafe kuskure amma ba sa yafe wa wanda ya tafi ba izini. Ta ce ta sani.

"Uwata, idan suka kore ki fa?"

"Baba, idan na zauna na auna gyaɗa, ai na kori kaina da kaina."

Da yamma sai ya aika aka kira ƙanensa Gwadabe, direban babbar motar da ke kai bandar kifi kudu, ya ce masa akwai kayan da zai ɗauka ranar Asabar.

Zarami ya ce shi bai taɓa fito da gaiwa tare da ɗakinta na laka ba, fasawa ake yi a ciro ta. 'Yar'azumi ta ce ana yi mana, ko da ba da niyya ba. Ta ba da labarin wani mutumin Kirikasamma da ya yi katanga da lakar fadama, da ruwan farko ya sauka sai ga gaiwa ta faɗo daga bango tsakar gidansa. Zarami ya ce wannan labari kowane ƙauye da nasa mutumin. Amma ya ɗauki dagi.

Goman farko duk sun tsage. Sai suka koyi haƙa da faɗi, su zagaye ramin kamu biyu ta kowane gefe, su shiga ta ƙasa, su ɗaure dunƙulen da igiyar kaba tun kafin a ɗaga shi. Rana tana dukan su, ƙasar ta yi tauri kamar bulo, hannun Sakinatu ya yi kanta ya fashe. 'Yar'azumi ta kawo kwanduna da ƙaiƙayin shinkafa, suka zaunar da kowane dunƙule da ƙofar iskarsa tana kallon sama. Cikin kwana tara suka tara arba'in.

Ranar tafiya Gwadabe ya buɗe mata gaban mota, ta ce a baya za ta zauna. Ta ga yadda masu lodi ke jefa buhuna, ta san idan ta kau da ido za a danne kwandunan. Haka ta yi tafiyar a saman mota tsakanin buhunan kifi, mayafinta a ɗaure a ƙugu, duk ramin da mota ta faɗa ta bi kwandunan ɗaya bayan ɗaya tana dubawa. A kowane tsayi sai Gwadabe ya leƙo ya ce ko za ta sauko ta huta, ta ce, "Baffa, mu dai je." Shida sun fashe a hanya, kifayen suka mutu. Talatin da huɗu suka isa.

Ranar Litinin da safe aka sauke kwandunan a barandar sashe, kusa da wasu manyan akwatunan sababbin injuna da aka sayo da kuɗin man fetur, waɗanda ba a buɗe ba saboda ba a ja musu wayar lantarki ba. Mai Lofe ya iso ya tarar da laka da ƙaiƙayi a ƙofar ofishinsa. Ya gaya mata a gaban mutane cewa ta yi mako biyu ba ta nan ba tare da izini ba, zai rubuta wa hukumar jami'a, kuma ta kwashe ƙasar nan kafin azahar.

Ta shiga ɗakin gwaji ta fito da baho, ta cika shi da ruwa, ta kwance dunƙule ɗaya ta saka a ciki, ta ja kujera ta zauna. Malamai da ɗalibai suka fara taruwa. Awa ɗaya ta wuce, ruwan ya zama kunu, ba abin da ya motsa. Wasu suka tafi aji suka dawo. Can wajen sha ɗaya da rabi wani abu baƙi mai tsawon hannu ya warware daga cikin lakar, ya ɗago kai sama da ruwa, ya buɗe baki ya ja iska da wata 'yar ƙara. Masu kallo suka ja da baya. Mai Lofe yana tsaye a bakin ƙofarsa, bai koma ciki ba tun ɗazu.

Sai a lokacin ta miƙe ta faɗi sharaɗinta. Rabin kifayen za su zauna a lakarsu, rabi za a tashe su a tanki a ciyar da su mako shida. Za a yanka su rana ɗaya, a kan ƙanƙara ɗaya, a cikin ginin nan. Maiƙon da za ta tatsa daga kowane kifi shi da kansa zai zuba a kwalabe, ya sa musu lamba, ya ɓoye takardar a aljihunsa. Ita za ta gaya masa wace kwalba ce ta laka, wace ce ta ruwa, ta hanyar kallon aikin famfon kawai.

Ya tambaye ta idan ta faɗi za ta koma kan man gyaɗa.

"A'a, Yallaɓai. Idan na faɗi zan bar jami'ar. Gyaɗa dai ba zan auna ba."

Ya cire lofen ya dube ta, ya ce zango zai ƙare nan da mako bakwai, tana da har ranar. Takardar da ya ce zai rubuta wa hukuma kuwa ya rubuta ta, aka dakatar da tallafin karatunta.

Makonni shidan nan ta yi su ne a bayan ginin, tsakanin tankuna biyu na siminti da wata rumfar kwano inda ta jera kwandunan. Kullum da hantsi takan je bakin rafin da ke bayan jami'a ta tsinto dodon koɗi da tana don ciyar da kifayen. Abokan karatunta suka sa mata Sarkin Ruwa, ta riƙa amsawa. Wata malama 'yar kudu mai koyar da ilimin tsirrai ta ba ta ɗaki a gidanta da aka ce ta fita daga ɗakin kwanan ɗalibai.

Ranar gwaji Mai Lofe ya zo da wuri. Ya tsaya a kanta aka yanka kifi goma sha biyu, shida na laka shida na ruwa, ya karɓi maiƙon ya shiga ofis ya rufe ƙofa, ya fito da kwalabe goma sha biyu masu lamba. Ta wanke famfon da sabulu, ta nuna masa ya mutu, ruwan gwajinsa fari tas. Ta raba shi gida goma sha biyu, ta ba kowane maiƙo daga kwalba ɗaya, ta jira mintuna talatin da agogo a gabanta, ta ɗiga sinadarin. Bakwai suka yi shuɗi mai duhu, biyar suka yi haske. Ta ɗauki alli ta rubuta lambobin a allo gida biyu, ta koma gefe.

Ya ciro takardar ya karanta a hankali, ya sake karantawa. Goma sha ɗaya daidai ne. Lamba tara ta laka ce, amma ta yi duhu kamar ta ruwa. Ya sa yatsa a kanta ya tambayi dalili. Ta ce ba ta sani ba, kuma haka za ta rubuta, goma sha ɗaya cikin goma sha biyu, ba za ta jefar da ita ba. Bai ce ta yi gaskiya ba. Ya ce ta maimaita. Ta maimaita da kifayen da suka rage, sakamakon ya tsaya inda yake.

Bayan kwana biyu ya kira ta ofis, ya ba ta kujera, abin da bai saba yi ba. Ya ce aikin na da kyau, amma babu mujallar kimiyya da za ta yarda da shi idan ya fito daga nan da sunan ɗalibar da ba wanda ya sani. Yana da aboki mai babban ɗakin gwaji a ƙasarsu. Za su aika masa da maiƙon ya sake aunawa, takardar binciken ta fito da sunan abokin a gaba, nasa a tsakiya, nata a ƙarshe. Ya ce haka ake yi, kuma zai sa a dawo mata da tallafinta.

Ta ce ta gode da kujera, amma abokin nasa bai haƙa ko ɗaya ba. Idan akwai sunan da ya cancanci shiga bayan nata, na mai bandar kifi ne a Baturiya. Ya ce to, ba zai sa hannu a kan kundin digirinta ba. Ta ce ta duba dokokin jami'a, kundi ne ke bukatar hannunsa, takardar mujalla ba ta bukata.

Ta buga takardar da tafiretar mai masaukinta, ta kai gidan waya da kanta. Bayan wata huɗu mujallar farko ta dawo da ita da layi uku na ba da haƙuri. Ta canza ambulan ta aika wa ta biyu. Su suka ce abin na da ban sha'awa, amma suna son gwaji na uku da kifayen wata shekara. Wannan na nufin jiran wani rani. Ta koma Haɗeja ta karɓi koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata, da Maris ya zo suka sake haƙa da Zarami, Gwadabe ya sake ɗauka. Kafin nan wa'adin Mai Lofe ya cika ya koma ƙasarsu, sabon shugaban sashe ya buɗe mata ɗakin gwaji ba tare da doguwar magana ba. Takardar ta fito a farkon 1976, shafi huɗu, da sunanta ita kaɗai a sama, da godiya ga 'Yar'azumi da Zarami na Baturiya a ƙasa. A watan Yuli aka ba ta digirin.

Wani kamfanin mai a kudu ya aiko mata da tayin aiki da gida da mota, ta mayar da amsa cewa tana da aiki. Tambayar da ke gabanta yanzu ita ce wane irin maiƙo ne a cikin tarin maiƙon tantanin ke riƙe famfon, kuma ta lissafa za ta bukaci gaiwa ɗari biyu. Zarami ya ce ba zai haƙa ba. Ya ce ruwa ba ya zuwa kamar da, wuraren da yake samun ashirin a yini yanzu da ƙyar yake samun biyar, idan ta kwashe ɗari biyu me za ta bar wa fadama. Ta yi gardama, ya tsaya a kan bakansa, ta ga cewa a wannan karon ita ce a matsayin mai ba da umarni daga ofis. Suka daidaita a kan sittin, da sharaɗin duk wadda ba a yanka ba za a dawo da ita idan ruwa ya zo. Dole ta koyi yin gwajin da rubu'in naman da ta saba amfani da shi, abin da ya ci mata wata uku.

A watan Agusta na shekarar da ta biyo baya ta dawo Baturiya da gaiwa goma sha tara a cikin durom biyu. Zarami ya tuƙa kwalekwale zuwa tsakiyar fadama, inda ruwa ya kai ƙirji kuma ciyawa ta yi kauri. Ya ce ta juye durom ɗin kawai, ta ce za ta saka su ɗaya bayan ɗaya don ta duba lafiyarsu. Ta sha bakwai ta cije ta a babban yatsa har jini ya fito. Zarami ya yi dariya har kwalekwalen ya karkata. Ta yaga gefen mayafinta ta ɗaure yatsan, ta sa ɗaya hannun ta saki biyun da suka rage.